Ba Hannunka Ba Ne

A gidan Mai Agogo akwai abu ɗaya da ba a taɓawa, kuma kowa ya san shi: sandar kamun kifinsa. Tana kwance a kan ƙusoshi biyu a bangon falo, doguwa, siririya, baƙa, da zobba bakwai jere a jikinta waɗanda zare ke bi ta cikinsu, na gindi babba, na can kan sandar ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake. 'Ya'yan gidan sun tashi har sun yi aure ba su san nauyinta ba. Jikoki kuwa tun kafin su iya gaisuwa ake koya musu cewa wannan ta Kaka ce, ido kawai ake sa mata.

Matarsa ma ba ta taɓawa. Sista ake kiranta a unguwa, saboda shekara talatin da ta yi tana aikin jinya kafin ta ajiye. Mace ce mai tsari, mai baki, wadda in ta ce ka sha magani sau uku za ka sha sau uku ko ka warke. A duk zamansu sau ɗaya tak ta sauke sandar nan daga bango.

Lokacin yana kwance a asibiti, kwana tara da faɗuwar da ya yi a shagonsa ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ta zo gida da hantsi ta yi wanka ta ɗebi kaya, sai ta tarar rina ta yi gida a kusurwar silin ɗin baranda, daidai inda take shanya. Tana miƙa hannu ga igiya ɗaya ta harbe ta a wuya. Kwana tara ba ta yi barcin kirki ba, sai duk haushin duniya ya tattaru a kan rinar nan. Tsintsiya ba ta kai ba, sandar goge ƙasa ma ba ta kai ba. Ta shiga falo ta sauke sandar kifi, ta fito ta soki gidan rina sau uku. A na ukun kan sandar ya zarce ya daki siminti, ta ji ƙas. Ta duba, ba ta ga komai ba. Ta goge da gefen riga ta mayar kan ƙusoshi, ta ce a ranta mutumin da bai san inda kansa yake ba ina ruwansa da sanda.

Allah ya tashi kafaɗunsa. Wata huɗu ana gashi, ita kuma tana tsaye a kansa ba sani ba sabo: matsa ƙwallon roba, tsinci maɓalli ka sa a kofi, rubuta sunanka, sake rubutawa. Ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, hannu ma ya dawo sai ɗan abin da ba a rasa ba. Shago kam ya sallama shi, don cikin agogo ba ya son hannu mai shakka. Bai yi ƙorafi ba. Cewa ya yi muddin zai iya ɗaura ƙugiya ya jefa a ruwa, to ciwo bai ci shi da yawa ba.

Asabar ɗin farko da likita ya yarda ya fita, Direba ya zo ya ɗauke shi. Direba amininsa ne, tsohon direban bas mai kiransa Yaya, shekara ashirin suna zuwa bakin dam tare. Sista ta raka su har ƙofa tana jaddada hula da ruwan sha da maganin rana. Ta zaci sai la'asar, amma kafin azahar ta ji takunsa a matakala.

"Lafiya, Malam?"

"Zare ne ya tsinke. Sau uku."

Zaren kuwa irin na zamanin nan ne, wanda aka kitsa da silili takwas, siriri ne amma ka rataye bokitin ruwa da shi ba zai ce uffan ba. Shekara biyu yana aiki da shi kafin ciwo, bai taɓa ba shi kunya ba. Yanzu sai ya ɗaga sanda ya wurga, ya ji tas, ƙugiya da dalmar da ke nitsar da ita su tafi tsakiyar ruwa su kaɗai. Sau ɗaya ma da kifi a bakin ƙugiya, tarwaɗa ce babba, har Direba ya miƙe da raga.

Mai gyaran agogo ba ya yarda abu ya lalace ba dalili. Ya ɗauko ɗan littafi ya jera duk abin da ka iya zama sanadi, ya shiga binsu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ko zaren ya sha ajiya ne, ya sa sabo fil, ya tsinke. Ya ce ko duwatsun wurin ne ke gogarsa, suka koma gefen da ba dutse, ya tsinke. Ya sassauta birkin ɗan injin da ke naɗe zaren, ya rage nauyin dalma, ya canza ƙugiya. Duk Asabar in ya dawo sai ya zauna a teburin da ke bakin taga ya ja layi a kan abu ɗaya.

Wata safiya tana guga a falo, ya ɗago daga littafin.

"Sista, da ba na nan ba wanda ya taɓa sandar nan, ko?"

"Wa zai taɓa? Wa ya gaji da zaman lafiya?"

Haka ta faɗa, ko numfashi ba ta ja ba, ta juya wuyan riga ta ci gaba da guga. Shi kuma ya sunkuya ya ja layi a kan sanda. A yi mata adalci, a lokacin ba ta san ƙas ɗin nan na da wata alaƙa da tsinkewar zare ba. Amma ta san an tambaye ta, ta kuma san abin da ta amsa. Tsoron faɗansa ma bai kai girman kai yawa a cikin amsar ba. Ita ce mai kama kowa da laifi a gidan, ita ce mai cewa wa ya bar famfo a buɗe, ba ta saba tsayawa a ɗaya gefen ba.

Da aka soke sanda, abu ɗaya ya rage a littafin, ƙulli. Ƙulli kuwa ba shi da shaida, don duk tsinkewa tare da ƙugiya yake tafiya ƙasan ruwa. Ya zauna yana kallon kalmar bai ja mata layi ba. A nan ne Sista ta yi abin da ya fi na farko muni, kuma da kyakkyawar niyya ta yi shi, wanda shi ya fi ban haushi. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta sauke murya irin yadda take yi wa 'yan uwan majiyyaci a bakin ɗaki.

"Malam, ka yi haƙuri da jikinka. Irin wannan ciwon, ƙarfin 'yan yatsu ne ke dawowa a ƙarshe, wani ma ba ya dawowa duka. Sai ka ji kamar ka ja ƙulli ya kama, alhali bai kama ba. Na ga irinsa ba ɗaya ba, ba biyu ba."

Ya daɗe yana kallon hannunsa a kan tebur. Sannan ya ce, "Ke kika san aikinki." Ya rufe littafin.

Bai daina zuwa dam nan take ba. Ya ƙara Asabar uku, yana canza salon ƙulli, yana ninka zare biyu, yana ja da haƙori. A ƙarƙashin tebur in tana shara sai ta riƙa tsintar guntayen zare, ƙafar teburin kuma duk ƙulle-ƙulle, na gwaji. Sannu a hankali sai ta ga kofin shayi ya koma hannun hagu. Ta ga ya daina sa riga mai maɓalli. Aka kawo takarda daga ofishin ruwa, ya tura mata biro ya ce ta sa hannu kawai. Ƙwallon robar da ta sha fama da shi a kanta ta gangara bayan kujera, bai neme ta ba. Ta yi masa faɗa, ta ce hannun da ba a mora shi ke mutuwa. Ya ce to, bai canza komai ba.

Ranar wata Laraba da safe ya sauke sandar da hannun hagu, ya goge ta tun daga gindi har kai, ya miƙa mata.

"Ki kai wa Direba. Ki ce na ba shi."

"Haba Malam, kamar ya ka ba shi?"

"Ta fi ƙarfina yanzu. Ni in na je zai yi ta surutu, ba zan iya ba. Ki kai masa don Allah."

Direba yana bayan gidansa, a rumfar kwanon da yake tara tarkace yana gyare-gyare. Yana hango ta da sanda ya kwashe da dariya.

"Ikon Allah! Sista, wa za a yi wa allura da wannan?"

"Kai za a yi wa, ko bakinka ya huta. Yayanka ne ya ce in kawo maka. Wai ya ba ka."

Dariyar ta ɗauke. Ya goge hannu a tsumma ya karɓi sandar da hannu biyu.

"Shekara ashirin, yau na fara riƙe ta," in ji shi. "Tun Asabar ta biyu na ce Yaya kawo in duba maka, ya kusa cinye ni ɗanye. Wai sandarsa ko ƙuda bai sauka a kanta ba, in nemi wani aikin. Ni kuwa na ga yadda yake ɗaura ƙulli, wallahi ya fi nawa. Ruwa ba ya tsami banza. Kina da auduga a jakar nan?"

Tana da ita mana. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta fita ba auduga, ai sai dai in ba jakarta ba ce. Ya tsinki kaɗan ya naɗa a kan tsinken ashana, ya zura a zoben gindi ya juya, ya zaro. Tsaf. Ya bi na biyu, na uku, har na shida, audugar na fitowa sumul. Ya sauke kan sandar ya zura a na bakwai, ɗan mitsitsin nan, ya juya. Da ya zaro sai ga silin auduga ya maƙale a cikin zoben yana reto.

"Yauwa! Ga ɓarawon!" Direba ya daka tsalle kamar ba mai ciwon gwiwa ba. "Kin gani? Cikin zoben nan tangaran ne. In ya tsage ido ba ya gani, amma kaifinsa reza ce. Shi kuma wannan zaren silili-silili ne, duk wurgi sai tsagar ta yanke ɗaya ko biyu, kafin ka ankara ya tafi. Ko ɗan kokawa ne ya ɗaura ƙullin sai ya tsinke. Hannun Yaya lafiyarsa ƙalau!" Ya kai zoben kusa da ido yana juya shi a haske. "Amma fa duka ne wannan. An daki kan nan da abu mai tauri."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sista ta laluba wata tsohuwar taya ta zauna. Ƙas ɗin nan ta dawo mata a kunne kamar yanzu aka yi ta. Abin da ya fi damunta kuwa muryarta ce, mai taushin nan, tana cewa na ga irinsa ba ɗaya ba, ba biyu ba. Wata huɗu ta yi tana dawo da hannun mutumin nan da maɓalli da ƙwallo, sannan ta zauna a kujera ta kashe shi da baki. Kunya ta rufe ta, har ta kasa ɗaga ido ta kalli tarkacen rumfar, balle mai rumfar.

Direba ya shekara talatin yana karanta fuskar fasinja a madubi, bai buƙaci a yi masa bayani ba. Ya yi gyaran murya, ya buɗe wani gwangwani yana tona ƙananan ƙarafa.

"Ina da irinsa a nan. Minti biyar ne. In na ɗan gasa shi gam ɗin zai saki, in zare in sa sabo." Ya ƙyasta laita bai kalle ta ba. "Sai mu ce tsufa ne. Zobe kan tsage da kansa wani lokaci, ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Ni ban ga komai ba, ban ji komai ba."

Ta so. Kada a rufe mata, ta so ƙwarai, har ta buɗe baki za ta ce Allah ya saka. Amma ta san wanda take aure. Ya sha ganinta tana lallashin marasa lafiya, ya san kalar muryar. In sanda ta koma gida da sabon zobe da labarin tsufa, zai yi murmushi ya ce sun haɗa baki don su faranta masa, ya gode musu, ya mayar da ita kan ƙusoshi har abada. Da bakinta ya soke sanda daga littafinsa, ba kuma abin da zai dawo da ita sai bakin nan.

"Kashe wutar nan," ta ce. "Ba ni ita haka. Ka ba ni tsinken ma."

Hanyar gida ba ta da nisa, amma ranar ta yi mata tsawo. A bakin shagon kayan miya wata ta tare ta, wai Sista ki duba min ƙafar nan ta kumbura. Gaba kaɗan mai wanki ya ce jininsa ya hau, me zai sha. Kowa Sista, kowa Sista, kowa na jiran ta faɗa ya yarda. Da can daɗi take ji. Ta ce musu su je asibiti, ta wuce da sanda a kafaɗa. A matakala ta tsaya sau biyu, ba don gajiya ba.

Yana zaune a teburin bakin taga da jarida. Ya ga sandar, fuskarsa ta ɓaci.

"Ya ƙi karɓa?"

Ta kwantar da sandar a kan tebur, ta naɗa sabuwar auduga a tsinke ta ajiye a gabansa.

"Ka zura a zoben ƙarshe ka juya."

Ya miƙo hannun hagu.

"Da na dama, Malam."

Ya kalle ta, ya ɗauka da na daman. Ya zura, ya juya, ya zaro. Ya tsura wa silin audugar da ya maƙale ido. Sai ya jawo aljihun tebur da bai buɗe ba tun da ya bar shago, ya ɗauko ɗan gilashin nan na ido ɗaya da yake duba cikin agogo da shi, ya maƙala, ya sunkuya. Ta ji numfashinsa ya canza.

"Tsaga ce," ya ce a hankali. "Daga baki har ciki. Wannan duka ne."

"Ni ce."

Ta faɗa masa duka a tsaye, hannunta a bayan kujera: rinar, simintin, ƙas ɗin, gogewar da ta yi da gefen riga. Ta faɗa masa ranar guga da ya tambaye ta. Da ta zo kan maganar 'yan yatsu muryarta ta karye, amma ta ƙarasa. "Ban sani ba na faɗa kamar na sani. Ba hannunka ba ne, Malam. Bai taɓa zama hannunka ba."

Ta shirya wa faɗa. Da ya yi ihu, da ya buga tebur, da ta ji sauƙi. Sai bai ko kalle ta ba. Ya cire gilashin, ya warware ɗan zare daga injin, ya duƙa ya ɗaura a ƙafar tebur da yatsun dama. Ya naɗa ɗaya bakin a tafin hannunsa ya ja. Ya ƙara ja, har teburin ya taso ya biyo shi, kofi ya gangara ya faɗi. Zaren ya shata masa jan layi a fata, ƙullin yana nan daram. Ya yi wata 'yar dariya, hawaye na bin gefen hancinsa, yana buɗe hannun yana rufewa.

"Ka yafe min, Malam."

"Na yafe. Rina ce, kowa ma zai soke ta."

Ta sunkuya tana tsince fasasshen kofin don ta sami inda za ta sa fuskarta. Ta ji ya koma kujera ya zauna. Ta zaci maganar ta ƙare.

"Sista."

"Na'am."

"Watan jiya da Auta ta zo da jaririyarta, kin tuna kin miƙo min ita na ce mura nake yi?"

Ta tuna. Autarsu ta zo daga can nesa inda take aure, tafiyar da ba a yi sai shekara-shekara, da 'yarta ta fari 'yar wata biyu. Ta tuna har ta yi masa tsiya a gaban surukinsu, ta ce wane irin kaka ne wannan mai gudun jika.

"Ba mura nake yi ba," ya ce, yana kallon jan layin da ke tafin hannunsa. "Tsoro na ji kada in ji kamar na riƙe ta, alhali ban riƙe ba. Kwana goma suka yi a gidan nan, ban ɗauke ta ba ko sau ɗaya."